Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Mararraba

Makon jiya na tsaya a inda kwamfutata ta kwana uku tana lissafi ba amsa. Aikin digirina na biyu ne: a wane gari za a buɗe rumbun taki, kuma mota nawa za ta tashi daga kowanne. Manhaja takan fara ce maka mota 2.5, alhali ba a tura rabin mota. Sai ta raba hanya biyu, ko 2 zuwa ƙasa ko 3 zuwa sama, tana datse duk reshen da ba zai fi amsar da ke hannu ba. Ailsa Land da Alison Doig ne suka kawo dabarar a 1960 a Landan. To idan adadi hamsin suka fito da guntu, da wanne za ka fara rabawa? Nan gizo ke saƙar.

Malamina ya ce in ɗauki wanda guntunsa ya fi kusa da rabi. Na ce, "Ranka ya daɗe, rassan sai ƙaruwa suke." Ya ce, "Kai za ka koya min?" A gaban 'yan ajinmu ya faɗa. Har gobe ina jin zafin maganar nan.

Baba, Allah ya ji ƙansa, ya daɗe yana jan babbar mota tsakanin Kano da Maraɗi. Da damina, in ya zo mararraba, sai ya tsaya ya tambayi masu tahowa yadda hanya take. Matambayi ba ya ɓata, in ji shi. Ina yaro a gefensa, ina ganin ɓata lokaci ne.

Ashe abin da manhajata ta rasa ke nan. Akwai hanyar da Applegate, Bixby, Chvátal da Cook suka bayyana a 1995: kafin ka raba, ka leƙa rassan kowane adadi kaɗan, ka ga wanda ya fi ɗaga iyaka, wato ƙiyasin da ake dubawa kafin a datse reshe. Tana rage rassa sosai, sai dai leƙen na cin lokaci. Akwai kuma ta 1971, inda ake ajiye tarihin abin da kowane adadi ya haifar a baya. Tobias Achterberg da abokan aikinsa biyu suka haɗa su a 2005: ka yi ta tambaya har ka san hanya, sannan ka dogara da saninka. A kan wannan aka gina zaɓin SCIP, wata manhajar warware irin wannan lissafi. Baba ma bai tambayar hanyar Jibiya, ya riga ya san ta.

A takardar su Achterberg suka nuna zaɓin mafi kusa da rabi bai fi zaɓin ido rufe ba. Na buga ta da kuɗin abincina, na zura ta ƙarƙashin ƙofar ofishin malamina. Bai taɓa ɗaga maganar ba. Na canja tsarin, kafin asuba amsa ta fito.

Ranar kare aikina, shi ya miƙe yana bayyana wa baƙon farfesa dabarar, yana cewa "mun gano". Yaya na zaune a baya, ta zo tun daga gida, Baba kuwa wata huɗu ke nan da rasuwa.