Abin da na tsinta a wurin malamar Sofiya

Ina shekarar farko ta digiri na biyu wani malaminmu ya ga 'yan baitoci a bayan takardar da na kai masa. Ya ce, "Malama, taura biyu ba ta taunuwa. Ko waƙa, ko nazari." Na ce to, ranka ya daɗe. Da na koma ɗaki na tura littafin waƙoƙina ƙasan akwati.

Bincikena a kan rubutun mata ne. Shi ya kai ni ga Julia Kristeva, masaniyar adabi da falsafa, ita kuma ta kai ni ga 'yar ƙasarsu Bulgeriya, Miglena Nikolchina, wadda aka haifa a 1955, farfesar nazarin adabi a Jami'ar Sofiya. A littafinta na 2004 kan Kristeva da marubuciyar Ingila Virginia Woolf ta nuna yadda ake mance da mata marubuta a kai a kai, har kowace tsara ta tashi tana zaton ita ce farau. Na yi mako uku ina fama da shi, don ba ya karantuwa da gaggawa. Sai can na gano ashe matar nan sha'ira ce mai littattafan waƙoƙi, ta kuma yi aikin edita a Literaturen Vestnik, jaridar adabi ta mako-mako da aka kafa a 1991. Ba ta ajiye ɗaya don ɗaya ba. Kunnen da take sauraren baiti da shi, da shi take karanta Kristeva, shi ya sa take jin abin da ni na tsallake.

Amma abin da ya fi zama a raina shi ne labarin da ta bayar na tarukan tattaunawa a Sofiya cikin shekarun 1980, zamanin Todor Zhivkov, shugaban mulkin kwaminisanci na Bulgeriya, lokacin da ba kowace magana ke shiga ɗab'i ba. Malamai da ɗalibai kan cika ɗaki suna muhawara kan falsafa da adabi da wani harshe mai wuyar sha'ani, wanda hukuma ba ta cika gane inda ya dosa ba. Yawancin abin da baki aka yi shi. Da Zhivkov ya faɗi ranar 10 ga Nuwamba, 1989, mutane suka watse, wasu siyasa, wasu ƙasashen waje, maganar ta kusa bin iska. Ita da ta zauna a cikin ɗakunan ta dawo ta rubuta.

Wannan ya taɓa ni ƙwarai. Mu ma muna da zama duk Alhamis bayan la'asar a gindin wata darbejiya, mu shida, kuma a da ina ɗaukarsa hira ce kawai. Alhali rabin babi na uku na bincikena a wurin aka haife shi.

Na ciro littafin daga akwati. Gabansa waƙoƙi ne, bayansa kuwa nake rubuta abin da kowa ya faɗa ranar Alhamis, da kwanan wata.