Gaɓar tekun Ghana, daga Akra zuwa Beyin

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Ghana iyakarsu Akra ko Kumasi. A sauka Nima ko Sabon Zango, a gaisa da dangi, a shiga kasuwa, a ɗaure kaya, a juyo gida. In ka tambayi mutum ko ya ga teku, sai ya ce ai ya hango shi ta tagar mota a Aflao. Ni da ƙanina muka ce a wannan karon ba fatauci zai kai mu ba. Za mu bi gaɓar tekun ne mu yi yamma, har inda ƙasar ta kusa ƙarewa wajen iyakar Kwaddibuwa.

Ta ƙasa muka bi daga Legas: Seme, Kwatano, Lome, Aflao. Iyaka uku ke nan, kuɗi kala uku, naira da sefa da sidi. Wanda fasfonsa ke da rai kuma ya riƙo katin rigakafin shawara, wahalarsa kaɗan ce. Wanda ya baro katin nan a gida kuwa, a kowace iyaka sai an zaunar da shi an yi ciniki.

A Nima muka kwana wajen kawunmu, wanda ya bar gida tun ba a haife mu ba. Da safe aka kawo koko da ƙosai, ga masallaci a bakin lungu, ga Hausa ko'ina, har mutum ya manta ya tsallake ƙasashe. Wannan daɗin shi ne tarkon zango: sai ka yi mako guda ba ka ga komai na Ghana ba sai 'yan'uwanka. Da muka faɗa wa Kawu inda muka nufa, ya ajiye kofinsa ya dube mu.

"Ku da ko kogin Wudil ba ku taɓa shiga ba, me za ku yi a bakin teku?"

Na ce, "Kawu, kallo kawai za mu yi, ku sa mana albarka."

Ya ce, "Allah ya tsare. Amma ɗana, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ku tsaya inda ƙafarku ke taɓa ƙasa. Kuma ku fita da asuba, in ba haka ba a Kasoa za ku yi azahar."

Gaskiyarsa. Motocin Cape Coast a tashar Kaneshie ake hawa, tafiyar kuma ba ta kai kilomita 150 ba, amma cunkoson Kasoa kaɗai yana iya cinye rabin safiya. Muna idar da sallah muka fita, muka wuce kafin gari ya gama tashi. Duk wanda zai yi wannan hanya ya nemi kujerar hannun hagu, bayan direba, don teku ta nan yake. Sai an wuce Mankessim da Saltpond yake fara leƙowa sosai: itatuwan kwakwa a jere, farin kumfa yana dukan duwatsu, kwale-kwale a kan yashi. A Abandze akwai tsohuwar ganuwa a kan tudu, a Anomabo akwai wata. Garuruwan masunta da yawa a wannan gaɓa suna da tasu, ragowar gine-ginen da Turawa suka yi ta kafawa suna ƙwace wa juna.

Babbar ganuwar Cape Coast fara ce tas, tana zaune a kan dutse, ruwa na dukan gindinta. Mutanen Suwidin ne suka fara gina ta a 1653, daga baya ta koma hannun Ingila, kuma garin ne hedikwatar mulkinsu har 1877 da suka koma Akra. Daga sama wurin yana da kyau ƙwarai, ga iska, ga manyan bindigogi baƙaƙe sun juya baki ga teku. Sai ɗan jagora ya ce mu biyo shi ƙasa.

Gangara ce mai santsi zuwa kurkukun maza, inda ake tara bayi a zamanin cinikin bayi. Ɗakuna ne na dutse, tagarsu 'yar ƙaramar kafa can sama wadda hannu ba ya kaiwa. Ya nuna mana wata 'yar kwata a tsakar ɗakin, ita ce duk magudanar da ɗaruruwan mutane suke da ita. Ya ce mu dubi abin da muke takawa: ba dutsen asali ba ne, ƙazanta ce da ta taru shekara da shekaru ta daskare, an ma tone wani gefe don a ga tubalin da ke ƙarƙashi. Daga nan ya kashe fitila. Mu da ba mu kai ashirin ba, cikin ɗan lokaci zufa ta jiƙa mu, numfashi ya fara nauyi. Wata dattijuwa baƙar fata daga Amurka ta dafa bango tana kuka ba sauti. A daidai saman wannan kurkuku Turawan suka yi cocinsu. Ƙarshen zagayen shi ne ƙofar da ake fitar da mutane zuwa jirgi, wadda in an fita ba a dawowa. Yau in ka fita ta nan, masunta za ka tarar suna ɗinkin koma, yara suna ƙwallo.

A mota ƙanina ya yi ta tsine wa Turawa, ban hana shi ba. Amma na tuna masa cewa waɗanda aka tara a ɗakin nan ba daga sama suka faɗo ba. Da yawansu daga arewa aka gangaro da su. Kasuwar Salaga, wadda kakanninmu fataken Gwanja suke zuwa sayen goro, ba kanwa da tufafi kaɗai ake kai mata ba, har da bayi. A kan hanyar Kumasi akwai Assin Manso, inda ake tsayar da ayarin a yi musu wanka a rafi kafin a ƙarasa da su bakin teku. Bahaushe ba zai shiga wannan gini a matsayin ɗan kallo zalla ba, ko da ya so.

Elmina tana nan kusa, tafiyar 'yan mintuna a tasi. Ganuwarta ta girmi ta Cape Coast nesa ba kusa ba: Turawan Fotugal suka gina ta a 1482 saboda zinariya, mutanen Holan suka ƙwace ta a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. A nan aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896, kafin a kai shi Saliyo, daga can kuma tsibirin Seychelles. Mutane da yawa suna haɗa gine-ginen biyu a yini ɗaya. Ban ba da wannan shawara ba. Zuciya tana dakushewa, sai ka iske kanka a kurkukun mata kana duba agogo. A raba su, a kwana a tsakani.

Abin da ya fi riƙe ni a Elmina ma ba ganuwar ba ce, tashar masunta ce da ke bakin tafkin Benya. Mun tsaya a kan gada da hantsi, jiragen da suka kwana a teku suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Ƙasan kowane jirgi kututturen itace guda ne aka fafe, aka ɗora katako a gefe, aka shafe shi da fenti ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Wani an rubuta masa ayar Baibul, wani tutar Jamus ko Brazil yake kaɗawa, wani tambarin ƙungiyar ƙwallon Ingila. Samari suna faɗawa ruwa har ƙirji, su ɗauko kwanon kifi a ka. Ciniki kuwa na mata ne. Wata uwa mai jiki tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, jakar kuɗi ɗaure a ƙugu, ba ta ko tashi, da ido da yatsa take yanka farashi, ƙarti suna jiran abin da za ta ce. Bayanta hayaƙin masu banda ya rufe unguwa. Na ɗaga waya zan ɗauki hoton wurin, wata ta ɗaga mini hannu alamar a'a, na mayar aljihu. A nan sai an yi gaisuwa an nemi izini, wani lokaci a sayi wani abu. Kuma kada a zo ranar Talata da niyyar ganin wannan hada-hada, don ranar masunta ba sa fita teku, al'ada ce tun ta kaka da kakanni. Da yamma a hau tudun St. Jago, daga can ana ganin ganuwa da tafki da garin gaba ɗaya.

Dajin Kakum yana arewa da Cape Coast, wajen kilomita 30. Abin da ake zuwa gani gadojin igiya ne guda bakwai da aka ɗaura tsakanin manyan itatuwa a 1995, tsawonsu duka kimanin mita 350, wani wurin nisanka da ƙasa ya doshi mita 40. Faɗin abin takawar bai wuce katako ɗaya ba, raga ce a gefe da gefe, kuma yana lilo. Ƙanina da ke cika baki a mota, tun a gada ta farko ya kama salati. Ana cewa akwai giwaye a dajin, mu dai ko biri ba mu gani ba, don motocin 'yan makaranta sun riga mu shiga, ihunsu ya kori komai. A je da sassafe, a ranar aiki. A sani kuma kuɗin shiga na baƙo daban yake da na ɗan ƙasa, a nan da sauran wuraren.

Daga nan muka yi yamma. A Beposo aka haye kogin Pra, ruwansa ya yi kauri ya koma kalar kunun tsamiya. Direba ya ce aikin masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba ne, galamsey, kuma haka muka tarar da kogin Ankobra bayan Axim. Takoradi ba mu daɗe ba, garin tashar jiragen ruwa ne da harkar mai. Kyan gaɓar yana farawa ne bayanta. Busua yashi ne shimfiɗe mai laushi, ruwan bai cika haushi ba, nan ne kaɗai muka shiga har gwiwa, shi ma sai da muka tambayi 'yan gari inda ya dace. Tekun nan yana da wani ja ta ƙasa: igiya ta dake ka ta koma, sai ka ji yashi na zarewa daga ƙarƙashin ƙafarka. Inda ka ga yaran gari ba sa wasa, kai ma kada ka sa ƙafa. Ba kuma kowane bakin ruwa ne yake da tsabta ba. Kusa da manyan garuruwa leda da robobi sun yi yawa, wasu wuraren ma an mayar da su makewayi. Sai an yi nisa da gari ake samun irin wanda ake gani a hoto.

Abinci bai ba mu wahala ba. Mun riƙe kifi, tunda ba ya buƙatar tambayar wanda ya yanka: soyayye ko gasasshe, da dokunun Fante wanda ake naɗewa a ganyen ayaba, da yajin shito. Dokunun, wanda tuwon masara ne, yana da tsami, ranar farko sai a hankali, daga baya kai za ka neme shi. In an yi marmarin nama, a nemi mai tsire a bakin tasha da dare, yawanci da Hausa zai amsa sallama, shi ne kuma zai nuna maka zango da masallaci. Kowane gari mai ɗan girma yana da zangonsa. Masauki kuwa, mun lura waɗanda ke kan yashi tsada gare su, da yawa kuma mashaya ce a haɗe da kiɗa har tsakar dare. In aka ja baya layi biyu ko uku cikin gari, ana samun ɗaki mai tsabta a kuɗi kaɗan, teku kuma da ƙafa ake zuwa.

Zangonmu na ƙarshe Beyin ne, a ƙasar Nzema, yankin su Kwame Nkrumah, wanda aka haifa a Nkroful a 1909. Daga Beyin ake shiga kwale-kwale zuwa Nzulezo, ƙauyen da aka gina a kan turaku a tsakiyar tafki. Tafiyar ta kusa awa guda in da filafili ake tuƙi, ta cikin wata siririyar hanyar ruwa tsakanin ciyayi da itatuwan tukurwa, sannan ta buɗe zuwa tafki mai baƙin ruwa. Ƙauyen titi ɗaya gare shi, na katako, gidaje hagu da dama, da makaranta da coci, yara ƙanana suna tuƙa nasu jirgin su kaɗai. A ganina hanyar ta fi ƙauyen daɗi. Mutanen sun gaji da baƙi masu leƙa musu ɗaki, kuma ban ga laifinsu ba. Mun gaida dattawa, muka ba da abin da ya sawwaƙa don makaranta, ba mu daɗe ba muka juyo.

Mu a watan Agusta muka je, lokacin da manyan ruwan Mayu da Yuni suka ɗauke, gari ya yi sanyi, kifi ya yi yawa. Mai son biki ya daidaita tafiyarsa da Bakatue na Elmina a Talatar farko ta Yuli, ko Fetu Afahye na Cape Coast a Asabar ɗin farko ta Satumba, amma ya kama ɗaki tun da wuri. Dawowa daga Beyin zuwa Akra yini guda ce cur, da canjin mota a Takoradi, kuma cunkoson Kasoa yana nan yana jira da yamma. Mu sai muka raba ta biyu muka sake kwana a Cape Coast, washegari muka shiga Nima kafin azahar, Kawu yana ta kiran waya yana tambaya ko mun fito daga ruwan.