Nauyin nan, ina zai je? Darasi daga shagon walda a Gadarif

Da zarar damina ta fara ja da baya a Gadarif, a gabashin Sudan, wajen watan Oktoba, masu walda ba sa samun sararin shan shayi. Lokacin yankan riɗi ne, bayansa kuma girbin dawa, wanda kan kai har Janairu. Manyan gonakin tarakta da aka fara buɗewa tun shekarun 1940 a yankin Gadambaliya suna da nisa da gari, ba a zuwa da safe a dawo da yamma. Don haka direbobi da makanikai da masu gadin buhuna kan ja tirela rufaffiya su kafa ta a bakin gona, rabi ma'ajiyar kaya, rabi ɗakin kwana. Angarib, wato gadon katako mai saƙar igiya, yana cin wuri, ƙasa kuma babu mai yarda da ita, ga kunama ga maciji a tsagogin baƙar ƙasar nan. Shi ya sa wasu cikin mutanenmu suka koma ragayar kwanciya, a rataya a cikin tirelar da dare, a naɗe da safe.

Ustan da na koyi aiki a hannunsa yana da tambaya guda da yake yi kafin a taɓa injin walda: "Yaro, nauyin nan, ina zai je?" Nufinsa ka bi nauyin mai kwanciya daga ƙyallen zuwa igiya, daga igiya zuwa ƙugiya, daga ƙugiya zuwa abin da ke riƙe da ita, har ka kai shasi. Duk inda ka kasa bin sa, nan za a karye.

Abin da ya fi ba masu kawo aiki mamaki shi ne maganar sassauci. Kusan kowa yakan ce, "Usta, a ɗaure mini ita tam, ba na son bayana ya lanƙwashe." Shi kuwa sai ya ce, "Alhaji, tam ɗin nan ita ce za ta kayar da kai." Lissafin ba shi da wuya. Idan igiyar ta sauko da kusurwar digiri 30, kowane gefe yana jan daidai nauyin mutumin, wato mai kilo 80 yana jan kilo 80 a nan, kilo 80 a can. A rage zuwa digiri 15, jan ya kusa ninki biyu. A digiri 10 ya kai wajen kilo 230 a kowane gefe, a digiri 5 kuwa ya haura kilo 450. Mutum ɗaya ne, bai ƙara ko loma ba. Kuma wannan lissafin mai kwance shiru ne. Wanda ya dawo a gajiye ya faɗa ciki da ƙarfi ya ƙara a kai. Ba ma buƙatar ma'auni a gona: ka miƙe manuniya a kwance, babban yatsa a tsaye, layin da ya haɗa kawunansu ya yi kusa da digiri 30. Maganar baya kuwa, a kwanta a ɗan karkace a cikin ragayar, jiki zai miƙe ba tare da an tsananta wa igiya ba.

Sai bangon kansa, wanda shi ne ainihin wurin ruɗi. Daga waje tirela tana da kwarjini, amma fatarta ba ta fi gwangwanin madara kauri da yawa ba, katakon da ke ciki kuma don kare kaya aka sa shi. Ƙarfin yana wajen ginshiƙan ƙarfe da ke ɓoye a tsakani, galibi tazarar santimita 40 ko 60, kuma su ma an yi su ne don ɗaukar rufi, ba don a riƙa jawo su ciki ba. Saboda haka ba ma ɗora wa ginshiƙi ɗaya. Muna shimfiɗa ƙarfe mai kauri a kwance ya haɗa ginshiƙai uku ko fiye, a huda har waje, a sa ƙusa mai noti da farantin ƙarfe a bayanta. Sukurun da ke cin ƙarfe da kansa yana da saurin aiki, amma jijjigar hanyar gona tana sassauta shi, ran da zai zare ba ya sallama. Idan tirelar ta tsufa ko tsatsa ta ci gindin ginshiƙan, sai mu sa bututun ƙarfe a sama tsakanin ƙugiyoyin biyu, shi ya riƙe jan, bango ya huta. A ganina wannan ya fi kowace dabara, ko da mai tirela zai yi gunagunin kuɗin ƙarfe.

Faɗin tirela ba ya wuce mita biyu da rabi, ragayar babban mutum kuma tana son mita uku ko sama da haka, don haka a tsawo ake ratayawa, ko daga kusurwa zuwa kusurwa. Idan an zauna, kada ta fi tsayin kujera daga ƙasa, kuma a kwashe diska, wato faifan garmar tarakta, da sauran ƙarafa daga ƙarƙashi. Ƙugiya buɗaɗɗiya tana miƙewa, rufaffiya muke sawa. Igiyar leda da ta sha rana har ta fara gari, a ba masu ɗaure buhu.

Duk da haka, faɗuwa ba ita ce ta fi tsorata Usta ba. A Disamba da Janairu dare yana sanyi a fili, sai mutum ya shigo da kanun ɗin, wato murhun gawayin da ya dafa kofin jabana a kai, ya ja ƙofa. Gawayi mai ci a rufaffen wuri yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mai barci kuma ba ta tashinsa. Haka janareta idan aka aje shi kusa da ƙofa. Muna yanka tagogi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a sa raga mai ƙananan ido, domin ƙwaron da ke kawo kala-azar, cutar da aka san yankin nan da ita, ya fi sauro ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Tirelar da aka kwance daga tarakta a sa mata waigi a tayoyi, a tokare bayanta, in ba haka ba hancinta na iya ɗagawa idan nauyi ya koma baya. Kuma ba a kwana a ciki tana tafiya, ko da daga wannan gona zuwa waccan ne.

Ƙofofin tirela kusan duka daga waje ake kulle su, tunda kaya aka yi wa su. Iska ko wani mai wucewa ya tura sakata, shi ke nan, na ciki sai ihu, ga zafin da ƙarfe ke ɗauka da hantsi. Muna sa hannun buɗewa ta ciki a kowace tirelar da za a kwana a cikinta. Wasu kan ce ba ya cikin cinikin, Usta ya ce to a biya bayan an sayar da riɗi.