Tsibiran Bayan Apapa da Ƙananan Jiragen da Ke Kai Mu Can

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Agege, Idi-Araba da Mile 12 sukan shafe shekaru a Legas ba tare da sun san cewa a bayan tashoshin manyan jiragen ruwa na Apapa da Tin Can akwai garuruwan da mota ba ta taɓa shiga ba. Sagbokoji, Igbologun, Ibeshe da Ilashe duk suna kan tsibirai ne da ke tsakanin rafin da ya nufi Badagry da kuma tekun Atlantika, kuma duk abin da mutanen can suke ci ko suke amfani da shi, daga buhun shinkafa da bulon gini har zuwa maganin zazzaɓi, a cikin ƙaramin jirgi yake tsallakawa. Sana'ata ta kai wa masu shaguna albasa da busasshen barkono da kayan shayi ita ce ta sa na san wannan hanya, kuma a can na tarar da namu sun riga ni: masu shayi, masu tsire, masu gadin gidajen hutu na bakin teku, da masu ɗinkin takalma.

Daga tashar Liverpool da ke Apapa ake shiga yawancin jiragen da ke zuwa waɗannan wurare, wasu kuma daga Mile 2, yayin da mai zuwa Tarkwa Bay yakan tashi daga tashar CMS da ke tsibirin Legas. Jiragen iri biyu ne. Akwai dogon kwale-kwalen katako mai ɗaukar kaya da yawa, wanda yake tafiya a hankali, akwai kuma na roba mai siffar ayaba da ake ɗaura wa injin Yamaha a baya, wanda yake gudu har hancinsa ya ɗaga sama. Matuƙan galibi Ilaje ne da Egun da Ijaw, mutanen da aka haifa a kan ruwa, kuma kusan kowannensu yana da yaron jirgi mai karɓar kuɗi, mai riƙe igiya, mai kwashe ruwan da ya taru a ƙasa da yankakkiyar jarka. Jirgi ba ya tashi sai ya cika, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin shiga ya hau ƙwarai, domin waɗannan injuna suna shan mai sosai.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ɗabi'a da nake gani a wurin mutanenmu, wadda take damuna matuƙa. Mun taso a tashar mota, saboda haka muna shiga jirgi da tunanin cewa idan akwai wurin zama to akwai halin tafiya, kuma idan direba ya yi jinkiri to wasa yake yi da lokacin mutane. A kan ruwa ba haka lamarin yake ba, domin ruwan Legas yana da nasa lokaci. Teku tana cika sau biyu, tana janyewa sau biyu a cikin yini da dare, kuma kowace rana lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. A farkon wata da tsakiyarsa, wato lokacin tsayuwar jinjirin wata da lokacin da ya cika, cikar takan fi yawa, janyewar ma takan fi ƙarfi, kuma ruwan da ke fita daga rafuka zuwa teku yakan ja jirgi da ƙarfin da ba a gane shi daga bakin gaɓa. Mu da muke lissafin kwanan wata domin azumi da Sallah ya kamata mu fi kowa saurin fahimtar wannan. Idan ruwa ya janye, wasu mashigai na tsibiran sukan zama taɓo, sai matuƙi ya ɗage inji ya koma tura jirgi da gora, ko kuma fasinjoji su naɗe wando su ƙarasa da ƙafa.

Sai kuma kainuwa. Irin wadda ta addabi Legas asalinta daga Kudancin Amurka take, kuma a shekarar 1984 aka fara ganinta a nan bayan ta shigo ta rafin Badagry daga Jamhuriyar Benin. Ba ta jure ruwan gishiri, shi ya sa take yawaita a ƙarshen damina, lokacin da ruwan kogin Ogun da sauran koguna ya rinjayi na teku, sannan ta mutu idan rani ya yi nisa. Ita da ledojin da ake zubarwa sukan naɗe farfelar inji ko su toshe ƙofar da inji yake zuƙar ruwan sanyaya kansa. Idan haka ta faru za ka ji ƙarar injin ta canza, matuƙi ya kashe shi, ya karkato shi sama, ya sunkuya yana cire ciyawa da hannu, jirgin kuma yana tafiya inda ruwa ya ga dama. A fili wannan ba komai ba ne, minti kaɗan ne a ci gaba da tafiya. Amma a kusa da Tin Can, inda faffaɗan jiragen dakon kwantena suke tsaye a gefen rafi, jirgin da injinsa ya mutu yana iya shigewa ƙarƙashin ɗayansu kafin a farga.

Irin wannan ne ya faru a daren 8 ga Yulin 2022, jajibirin Babbar Sallah, lokacin da wani jirgi ya tashi daga Mile 2 zuwa Ibeshe bayan rana ta faɗi, ruwa ya ja shi zuwa jikin wani jirgin dakon kaya da ke tsaye, ya kife. Fiye da mutum 15 ne suka rasu, da yawansu 'yan gida ɗaya da suke hanyar zuwa bikin Sallah. Allah Ya jiƙansu da rahama. Mu 'yan Arewa ba baƙin irin wannan makoki ba ne, domin ba mu manta da hatsarin Warrah a jihar Kebbi a watan Mayun 2021 ba, ko na Bagwai a jihar Kano a ƙarshen shekarar ta 2021, inda ɗaliban Islamiyya suka rasu. A wurare irin waɗannan abubuwan da ake ambata ba sa canzawa: lodi fiye da kima, tafiyar dare, da rashin rigar kariya, wato rigar da ke hana mutum nutsewa.

Batun rigar kariya shi ne inda na fi jin takaici. Hukumar LASWA ta jihar Legas, wadda aka kafa a 2008, da hukumar NIWA ta tarayya, wadda aka kafa a 1997, masu kula da hanyoyin ruwa, duk sun wajabta sanya ta, sun kuma hana tafiyar dare. Duk da haka na sha ganin ɗan'uwanmu ya karɓi rigar ya ɗora ta a cinya, ko ya rataya ta a kafaɗa ba tare da ya ɗaure ba. Wata rana na zauna kusa da wani dattijo mai sayar da goro, sanye da babbar riga, ya naɗe rigar kariyar ya zauna a kanta saboda bencin ya jiƙe. Na ce masa, “Baba, don Allah a sa ta a ɗaure, ruwan yau yana da ƙarfi.” Ya dube ni ya ce, “Ɗana, wanda kwanansa bai ƙare ba ruwa ba ya cinsa.” Na ce masa gaskiya ne, amma shi da kansa ya kulle shagonsa da kwaɗo kafin ya fito, bai bar shi a buɗe ba. Ya yi shiru, sannan ya miƙo hannu na taya shi zura ta a kan babbar rigar, na ja igiyoyin har suka kama ƙirjinsa. Ba mu yi nisa ba wani jirgin ja ya wuce, taguwar da ya tayar ta nufo mu, matuƙinmu ya rage gudu ya juya hancin jirgi ya fuskance ta, muka hau muka sauka, ruwa ya watso mana har cikin kwandon goron.

Yawancinmu ba mu iya iyo ba, in ban da 'yan'uwanmu Sarkawa da mutanen Yauri da na bakin Tafkin Chadi, kuma ko gwanin iyo ne, babbar riga ko zani da hijabi idan suka sha ruwa sukan ɗaure masa hannu da ƙafa. Rigar da ba a ɗaure ba kuwa, da zarar mutum ya faɗa ruwa sai ta zame ta kansa ta tafi abinta. Ba na ɗora laifin duka a kan fasinja, domin wasu rigunan da ake miƙo mana sun tsufa, soson cikinsu ya lotse, igiyoyinsu sun tsinke, kuma mai jirgin da yake raba irinsu yana cika sharaɗi ne kawai a idon jami'i. Wanda yake bin wannan hanya kullum, a ganina, ya dace ya sayi tasa ya riƙa yawo da ita, kamar yadda yake yawo da buzun sallarsa.

Dole kuma a yi wa matuƙan adalci. Mutumin da ya ƙi ƙara buhu biyu a kan lodi, ko ya ce ba zai tashi ba saboda hadarin da ya haɗo daga kudu a watan Yuni ko Yuli, ko saboda hazon hunturu ya rufe gaɓar da yake auna hanya da ita, kuɗi yake bari ya wuce shi, kuma bai cancanci a yi masa tsawa ba. Na fi amincewa da irinsa a kan wanda yake cewa a shigo kawai. Idan ya ce wani ya koma hagu, ko a mayar da kaya tsakiya, yana daidaita nauyi ne, kuma miƙewa tsaye a cikin jirgi domin amsa waya ko ɗaukar hoto yana iya karkatar da shi gaba ɗaya.

Ni dai na tsara harkata a kan haka: ina fita bayan sallar asuba da zarar gari ya waye, lokacin da iska ba ta tashi ba, ina raba kaya gida biyu idan sun yi yawa ko da kuɗin dako zai ƙaru, kuma idan la'asar ta yi sakaliya ban gama karɓar kuɗina ba, ina kwana a wurin 'yan'uwa a tsibirin in dawo da safe. Roƙona ga sarakunan Hausawa na Apapa da Ajegunle da Alaba Rago, da limaman masallatanmu, shi ne su riƙa yi wa sababbin zuwa wannan bayani, musamman a makon Sallah da ake cunkoso a tashoshi. Yaron da ya sauka daga tirela jiya, aka ce masa akwai aikin gadi a Ilashe, gobe zai shiga jirgi a karon farko a rayuwarsa, kuma yana buƙatar wanda zai nuna masa da Hausa yadda ake ɗaure rigar da inda ya kamata ya zauna.