Daga Kano zuwa Bauchi a kan Boxer na hannu

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 lissafin zirga-zirga ya rikice wa kowa a Bauchi. Gidana yana Yelwa, shagona yana kusa da kasuwar Wunti, kuma kuɗin Keke Napep safe da yamma ya fara cinye ribar shagon. Sai na ƙudura sayen babur. Sabon Boxer ya riga ya haura naira miliyan ɗaya tun da darajar naira ta faɗi, don haka maganar sabo ba ta ma taso ba.

Matsalar babur na hannu a wajenmu ita ce yawancinsu 'yan acaɓa sun gama tatse su. Za ka ga an wanke shi tas, an fesa fenti, an ɗinka sabuwar rigar kujera, alhali injin ya sha ɗaukar mutum uku-uku da buhunan masara a hanyoyin ƙauye. Ga shi kaka ta wuce ba da jimawa ba, manoma sun sayar da amfanin gona suna ta sayen babura, dillalai sai ɗaga kai suke yi. Ana cikin haka ɗan kawuna da ke Kano ya kira ni, ya ce wani dattijo maƙwabcinsu, tsohon malamin makaranta, zai rabu da Boxer ɗinsa saboda gwiwa ta hana shi buga kik.

Abin da ya sa na ɗauki maganar da muhimmanci shi ne Kanon kanta. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin motocin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin jihar ta hana goyo a babur, Adaidaita Sahu ta maye gurbin acaɓa. Shi ya sa a cikin birnin ba abin mamaki ba ne ka samu babur ɗin da bai san kowa ba sai mai shi, daga gida sai wurin aiki sai masallaci.

Na hau mota na sauka a Unguwa Uku, na kwana a wajen ɗan kawuna. Tun da dare na roƙe shi ya isar da saƙo ɗaya: don Allah kada Baba ya tayar da babur ɗin kafin mu zo. Injin da ya yi zafi yana ɓoye ciwonsa, mai sanyi kuwa ba ya iya ƙarya.

Da safe muka tafi da wani bakanike, saurayi ne amma hannunsa ya san aiki. Bayan gaisuwa, abu na farko da ya yi shi ne ɗora tafin hannunsa a kan injin. Sanyi ƙalau. Ya buga kik, a na biyu ya tashi. Bai kalli babur ɗin ba, sai ya zagaya baya ya tsuguna yana kallon bakin salansa, ya ce in murɗa mai a hankali. Babu hayaƙi. Ya ce da ringi ya mutu da yanzu hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya tona asiri. Ya zaro ma'aunin baƙin mai ya murza tsakanin yatsunsa yana neman ɓurɓushin ƙarfe. Daga nan ya bi notocin injin ɗaya bayan ɗaya da ido.

"Yaya, duba nan," in ji shi. "Kan notocin nan sifana ba ta cinye su ba. Ba a taɓa buɗe injin nan ba."

Aibin da ya samu bai ɓoye ba, a gaban mai kayan ya faɗa. Cen ya saki, haƙoran sufuraket na baya sun fara tsini, tayar baya ta suɗe, madubi ɗaya ba na asali ba ne. Baba yana zaune a kan tabarma yana murmushi, ya ce duk gaskiya ne, ai shi ma ya tsufa balle ƙarfe.

Sai aka zo kan takardu, kuma a ganina nan ne ainihin cinikin yake. Satar babura ta yi yawa, kuma wanda aka kama babur ɗin sata a hannunsa shi zai fara kwana a bayan kanta kafin a saurari bayaninsa. Baba ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar jakar leda, a ciki akwai rasit na asali daga dilan da ya sayar masa, da takardun lamba. Bakaniken ya goge maiƙo da tsumma, ya haska fitilar waya yana karanta lambar inji da ta shasi, ni kuma ina bin rasit ɗin da yatsa harafi bayan harafi. Suka yi daidai. Lambobin kuma ba su da alamar an kankare an sake bugawa.

Na taya, Baba ya ce albarka. Na ƙara, ya sake cewa albarka. Ɗan kawuna ya sa baki, na cire kuɗin cen da taya daga abin da ya fara faɗa, ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ce, "Na sallama, ɗana. Sayen nagari mayar da kuɗi gida." Aka rubuta takardar ciniki da sunansa da nawa da lambobin babur ɗin, mai unguwa da ɗan kawuna suka sa hannu a matsayin shaidu, na haɗa da kwafin katin shaidarsa na ɗan ƙasa. Na tura kuɗin ta waya, muka jira saƙon banki ya shigo masa, aka yi addu'a.

Kowa ya ɗauka a mota zan ɗora shi. Ni kuwa na sha ganin yadda ake yi a tasha: a zuƙe man, a kwance madubai, a kwantar da babur a but a danne da kaya, ya iso gida da karyayyen sigina da tanki a lotse, ga kuɗin ɗaukarsa ya fi na kujerar mutum. Tsakanin Kano da Bauchi ta Ningi kusan kilomita 300 ne. Na ce zan hau abina. Baba ya girgiza kai ya ce, "To kada ka wuce sittin, kuma ka riƙa ba shi hutu. Iska ce ke sanyaya shi, ba ruwa ba."

Ranar a garejin bakanike ta ƙare. Aka juye baƙin mai, aka sa sabon fulogi, aka ɗaure cen, aka duba birki. Na sayi hular kwano da safar hannu, ɗan kawuna ya ara mini rigar sanyi mai kauri.

Bayan asuba na jira gari ya ɗan waye na kama hanya ta Hotoro da Mariri. Hunturu ne, hazo ya rufe gari, fitilun motoci sai ka zo dab da su kake gani. Titin zuwa Wudil tagwaye ne, wani ɓangare na aikin hanyar Kano zuwa Maiduguri da aka bayar tun 2006, kuma a nan na fara sanin abin da tirela ke yi wa mai babur. Idan ta zo wuce ka, iskarta ta fara tura ka gefe, kafin ka daidaita kuma wutsiyarta ta jawo ka ciki. Dole ka ƙanƙame tanki da gwiwoyi ka sassauta mai. Da gangan na kauce wa ranar Juma'a, domin ranar ce kasuwar shanun Wudil ke ci, motocin dabbobi su cika hanya.

Da na haye gadar Wudil yatsuna sun daina jin kuloci. Na tsaya wajen wani mai shayi, na riƙe kofin da hannu biyu kafin na iya kai shi baki. Ya kalli lambar babur ɗin ya kalli jakar da na ɗaure a baya ya tambayi ina zuwa. Da na ce Bauchi sai ya ƙara mini ruwan zafi kyauta.

Daga Wudil na bar tagwayen hanya na karkata ta Darki da Takai da Kachako. Nan titi ya koma ƙwaya ɗaya, kuma doka ɗaya ce ke aiki: babba shi ke da hanya. Direban da ke zuwa ta gabanka zai fito ya wuce wata mota yana kallonka ƙuru-ƙuru, ya ƙyafta maka fitila, ma'ana ka sauka. Gefen kwaltar kuma a wurare da yawa ya zaizaye, tsakaninsa da ƙasa akwai gaɓa, idan ka sauka da gudu rairayi ya kwashe tayar gaba. Na koyi hango su tun daga nesa, in rage giya in sauka a tsanake. Direbobin ƙananan motocin haya sun fi na tirela rashin tausayi, wannan kam ko a gaban wa zan faɗa.

Na wuce Kwanar Huguma inda hanyar Dutse ta rabu, na shiga Jigawa. A Birnin Kudu duwatsu suka fara bayyana, manya-manya a jibge kan juna. A cikinsu ne zane-zanen mutanen zamanin da suke, irin na Dutsen Habude mai siffofin shanu, kuma a garin ne kwalejin gwamnati da Aliko Dangote ya gama a 1978 take. Sau nawa na ratsa garin nan a mota ina gyangyaɗi, sai yau na lura da yadda gidaje suka raɓu a jikin dutse. Na cika tanki a gidan mai, domin ban son dogara da man 'yan bumburutu a injin da ban gama sani ba, na bar shi ya huce a inuwa na ci ƙosai.

Tsakanin Birnin Kudu da Ningi aka tare ni a wani shinge. Tun da safe nake wuce shingaye ana ɗaga mini hannu, amma wannan jami'in ya nuna mini gefe.

"Malam, lambar Kano, kai kuma ka nufi Bauchi. Mashin ɗin waye?"

"Nawa ne, Yallaɓai. Jiya na saya."

"Jiya?" Ya kira abokin aikinsa. "Kashe shi. Ina takardu?"

Na zaro ledar daga cikin riga. Ya karanta rasit ɗin, ya ga sunan wani ne, fuskarsa ta canza. Na miƙa masa takardar ciniki da kwafin katin Baba. Ya tsuguna da kansa ya goge lambar injin da babban yatsa yana gwadawa da takarda, sannan ya ce in kira mai sunan. Na kira na sa a sifika. Baba ya ɗauka, bai ko bari an gama tambaya ba ya hau bayani, har da sunan unguwa da shekarar da ya saya, ya ƙare da tambayar ko na ba babur ɗin hutu. Jami'in ya yi dariya ya miƙo mini takarduna. A gefe akwai wani saurayi zaune a ƙasa kusa da Jincheng ɗinsa, an zare makullin, yana ta rantsuwa cewa na yayansa ne, ba shi da ko guntun takarda. Ban ga laifin masu shingen ba. Da nawa aka sace, haka zan so a tsare duk wanda aka gani a kai.

Ningi tana cikin duwatsu, kuma idan ka shigo ta a hankali za ka gane dalilin da ya sa ta gagari maƙwabtanta. A shekarun 1840 ne Malam Hamza da wasu malamai suka baro Tsakuwa a ƙasar Kano saboda rikicin haraji, suka zauna cikin Butawa da Warjawa da sauran mutanen duwatsun nan, daga baya masarautar da suka kafa ta daɗe tana fafatawa da Kano da Bauchi. Su ma daga Kano suka taso suka nufo nan, sai dai a ƙafa.

Ina fita garin bayan azahar na ji bayan babur ɗin yana lilo. Tayar nan da ta suɗe ce ta kwashi ƙusa. Na tura shi na koma baya, zufa ta jiƙa rigar sanyin da ɗazu nake gode mata. Mai facin wani dattijo ne a ƙarƙashin bishiyar maina, da injin iska da bahon ruwa baƙi ƙirin. Ya zare tub ɗin, ya hura, ya riƙa nutsa shi a ruwa gaɓa-gaɓa har kumfa ta taso. Ya soka tsinken ashana a hudar don kada ta ɓace masa, ya kankare wurin, ya shafa gam, ya ɗora faci ya danne a ƙarfe mai zafi. Kafin ya mayar sai ya zura hannu cikin tayar yana shafawa a hankali, ya zaro ƙusar da filaya ya ajiye mini a tafin hannu. Ya ƙirga tsofaffin faci uku a jikin tub ɗin ya ce, "Alhaji, wannan ya kai ka gida, amma kada ka ƙara masa kwana."

Sauran hanyar a hankali na bi ta. Gadar Maiwa, sannan Kafin Madaki, inda gidan Madaki da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina yake, maginin da ya yi masallacin Juma'a na Zariya. Na so tsayawa, amma bayana ya ƙage, wuyan hannuna na dama yana zugi, kuma ban son magariba ta riske ni da taya mai faci. Da na ga kwanar filin jirgin sama a Durum, sannan mashigar jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta Gubi, na san na iso. Tafiyar da mota ke yi a awa huɗu ta cinye mini yini, la'asar sakaliya na shiga Yelwa, ƙura ta mayar da girata fara.

Washegari na kai shi wajen bakanikena. Ya hau ya zagaya, ya dawo ya zaro ma'aunin baƙin mai, ya ga bai ragu ba bayan duk wannan tafiyar. Ya ce injin lafiya lau, a sayo taya da tub da cen da sufuraket gaba da baya, a canza su tare don kada tsohon ya cinye sabon. Ya tambayi nawa na saya, na faɗa masa, ya ce in ba shi da ƙarin dubu talatin. Na ce ya fara ɗaura tayar tukuna, akwai zuwa ofishin lasisi a gabana don a mayar da takardun da sunana.