Abin da Hong Seol ta gani, ni ma na taɓa ganinsa

Ƙanwata ce ta tura min fim ɗin Koriya mai suna Cheese in the Trap a waya, wani dare da zafi ya kore mu daga ɗaki muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ta ce, "Yaya, don Allah ki kalli wannan, yarinyar ciki halinku ɗaya sak." Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba, domin a lokacin na ƙoshi da fina-finan Koriya na ɗan mai kuɗi da 'yar talaka. Amma kafin a kira assalatu na cinye kashi uku na Cheese in the Trap, idona ko gezau.

Tashar tvN ce ta nuna shi a farkon 2016, kashi 16. Kim Go-eun ta fito a Hong Seol, ɗalibar sashen kasuwanci mai tulin jan gashi, wadda ke haɗa karatu da ƙananan ayyuka saboda kuɗin makaranta. Park Hae-jin shi ne Yoo Jung, wanda ke gaba da ita a sashen: kyakkyawa, ɗan gidan arziki, mai fara'a, kowa na yabonsa. Seol kaɗai ta hango wani ɗan murmushin raini da ya kuɓuce masa a wurin wata walimar ɗalibai, shi kuma ya gane ta gani. Daga nan ta shiga uku tsawon shekara guda, ba tare da ta iya nuna wa kowa hannunsa a cikin abin da ke samunta ba. Sai kwatsam ya sauya, ya fara tare ta yana cewa su je su ci abinci tare.

Mutane suna kallonsa don soyayyar. Ni abin da ya riƙe ni daban ne: aikin rukuni.

An haɗa Seol da abokan karatu su shirya aiki guda su gabatar a gaban aji. Wannan ya kawo uzuri, wancan ya ƙi ɗaga waya, shi kuwa Sang-cheol, babban yayan sashen mai cin gumin na ƙasa da shi, ya miƙe ƙafa. Ta kwana tana yi ita kaɗai. Ranar gabatarwa sauran suka kasa buɗe baki, malamar ta ba su D gaba ɗaya, har da ita. Da aka zo wurin nan sai na ajiye wayar a kan tabarma na yi shiru, domin na tuna shekarata ta uku a jami'a. Mu shida aka haɗa. Ni na yi yawon laburare, ni na rubuta, ni na biya kuɗin bugawa a rumfar mai kwamfuta da kuɗin da Umma ta ba ni na sabulu da man shafawa. Da safen da za a miƙa, ina tsaye a bakin aji takardun na hannuna da ɗuminsu, wani daga cikinsu ya ƙaraso yana ƙamshin turare, ya zaro biro daga aljihun gaban rigarsa ya ce, "Hajiya, sannu da ƙoƙari, ina zan sa lambata?" Ban ce uffan ba. Ni na tallafe masa takardar da tafin hannuna ya rubuta. Har yau idan na tuna, wannan tallafewar ce ke ci min rai, fiye da kuɗin da kwanan zaunen.

Wahalar Seol tana da wani tushe a tsarin jami'o'in Koriya da sai da na ɗan jima ina kallo na fahimta. Wanda ya riga ka shiga ana ce masa sunbae, kai kuma hubae ne, kuma harshensu kansa yana da salon maganar girmamawa da dole ka yi masa da shi. Samari da yawa suna katse karatu su tafi aikin soja na dole, su dawo sun girme wa 'yan ajinsu, don haka ka ga ƙato a aji ɗaya da ke amma ba ki da bakin ce masa a'a. Irin wannan nauyin baki na san shi tun ina yarinya, ba sai an fassara min ba.

Ɓacin ran da rabin ƙarshe na fim ɗin ya jawo min shi ya kai ni ga asalin labarin. Webtun ne, wato labarin zane da aka tsara don waya, ana karanta shi ana jan allo daga sama zuwa ƙasa maimakon buɗa shafi. Mai zanen da ake kira Soonkki ta fara fitar da shi a shafin intanet na Koriya mai suna Naver a 2010, ba ta kammala ba sai 2017. Ke nan lokacin da aka yi fim ɗin labarin bai ƙare ba, masu shiryawa suka ƙirƙiro nasu ƙarshen. Suka karkata ga Baek In-ho, tsohon abokin Jung, da fiyanonsa, Jung ya riƙa ɓacewa daga allo a labarin da shi ne ƙashin bayansa. Masu kallo a Koriya sun yi ca, mai zanen ta fito fili ta koka, shi ma Park Hae-jin bai ɓoye rashin jin daɗinsa ba. Aka rufe da Jung ya bar ƙasar, Seol tana aika masa saƙon imel shekaru, a dakika ta ƙarshe aka nuna an buɗe ɗaya. Shi ke nan. A 2018 aka sake yin labarin a fim na sinima, da Park Hae-jin ɗin dai, amma labarin shekara bakwai ba ya shiga awa biyu.

A webtun ɗin na samu abin da na rasa. Zanen yana barin fili fari mai tsawo tsakanin hoto da hoto. Jung ya faɗi magana mai daɗi, sai ki yi ta jan allo da babban yatsa, babu komai sai fari, can ƙasa ki tarar da ƙaramin rubutu na zancen zucin Seol tana tambayar kanta ko da wata manufa ya faɗa. Wannan jan da kike yi shi ne daidai tsawon shakkarta. Kyamara ba ta iya wannan; da ta tsaya a kyakkyawar fuska aka sa kiɗa mai taushi, an riga an yanke wa mai kallo hukunci cewa mutumin abin so ne. Ni a ganina a nan yawancin waɗannan fina-finai suke cin amanar zanen da suka fito daga ciki.

Fim ɗin Nevertheless na 2021, da Han So-hee da Song Kang, wanda shi ma daga webtun aka ɗauko shi, ya fi kowanne nuna haka. Ɗaliban sashen zane da sassaƙa ne, saurayin ba ya son a kira abin da ke tsakaninsu da suna, yarinyar ta san zai cutar da ita. Kashi goma ana nuna mana dalilan da ya kamata ta gudu, a ƙarshe aka mayar da ita hannunsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban kuma sake kallonsa ba.

Wanda nake yabo shi ne My ID is Gangnam Beauty na tashar JTBC, 2018. Kang Mi-rae ta sha tsangwama kan kamanninta, aka yi mata tiyatar gyaran fuska kafin ta shiga sashen kemistiri, sai kuma aka koma yi mata gorin tiyatar. Sun bar mata ɗabi'arta ta ba fuskokin mata maki a zuciya duk inda ta shiga, abin da ita kanta take jin kunyarsa. Ina kallonta ina tuna wata da muka zauna ɗaki ɗaya a hostal, da aka yi ta yi wa ba'ar baƙi har ta fara shafa man bilicin, bakunan nan dai suka dawo suna nuna gaɓoɓin yatsunta.

Ni da ƙanwata har yanzu ba mu daidaita a kan Jung ba. Ita ta ce yaro ne da aka rene shi cikin sa ido da rashin yarda, kuma Seol ce kaɗai ta ga ainihinsa ba ta guje shi ba. Ni na ce mutumin da zai sa a ɓatar da takardar aikinsa don ki samu tallafin karatu, ba tare da ya tambaye ki ba, gobe zai yanke miki wani abin ma ba tare da ya tambaye ki ba. Jiya da daddare ma mun sake tayar da maganar muna wanke-wanke, har Umma ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Wai wane ne wannan Jung ɗin, ɗan gidan wa ne a unguwar nan?"