Cin abinci a tsibirin Kirit: ka fara leƙa tukunya kafin ka zauna

Malaman jami'a daga Samaru da Kongo da likitocin Shika sukan sami gayyatar taro a ƙasar Girka, kuma ba a cika yin irin waɗannan tarurruka a Atina kaɗai ba, da yawa a tsibirai ake yi, musamman Kirit, wanda shi ne mafi girma a cikinsu. Abin da ke ba ni takaici shi ne mutum ya yi mako guda a wurin da Allah ya hore wa kifi da man zaitun da ganyaye, ya dawo yana cewa burodi da shayi ya yi ta sha saboda tsoron alade. Tsoron nan yana kan hanya, amma maganinsa sani ne, ba yunwa ba.

Gidajen abincin iri-iri ne, kuma sunan da ke kan allo yana faɗa maka abin da za ka tarar. Taverna ita ce gidan abinci na gargajiya, yawanci na iyali ɗaya, uwa a kicin, ɗa yana kai kwano. Psarotaverna ta kifi ce. Psistaria wurin gashi ne, kuma nan ne alade ya fi yawa. Mayirio kuwa shi ne ɗan'uwan mai tuwon bakin kasuwar Sabon Gari: an dafa tun safe, tukwane da faranti suna jere a bayan gilashi, ka nuna da yatsa a zuba maka. Ga baƙo Musulmi, mayirio da psarotaverna su ne gida.

A tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Haniya, wani birni a Kirit, za ka ga gidajen abinci a jere bakin ruwa, kowanne da mai kira a ƙofa da allo cike da hotuna da harsuna biyar. Kuɗin kallon teku kake biya a nan. Ka shiga lungunan baya, tafiyar minti biyar ko goma, ka nemi inda jerin abincin gajere ne, inda ka ji mutanen gari suna hira da harshensu. A irin wannan wuri ba abin kunya ba ne ka ce a nuna maka kicin. Al'adarsu ce, mai gidan zai ɗaga maka murfin tukwane ɗaya bayan ɗaya, ya jawo akwatin ƙanƙara ya nuna maka kifin ranar. Wanda ya ƙi nuna maka, ka yi masa sallama.

Masallacin da za ka gani a bakin wannan tashar, mai ƙubba, an gina shi ne bayan Turkawan Usmaniyya sun ci Haniya a 1645, amma yanzu ba a salla a ciki, wurin baje kolin zane ne. Musulmin Kirit sun bar tsibirin bayan yarjejeniyar musayar jama'a ta 1923 tsakanin Girka da Turkiyya. Shi ya sa ba za ka ga mahauta Musulmi a kowane lungu ba. Tsibiran Rodos da Kos sun sha bamban, domin a lokacin suna hannun Italiya, musayar ba ta shafe su ba, har yau akwai Musulmi 'yan asalin wurin, kuma ƙauyen Platani a Kos ya yi suna da gidajen gashi nasu.

Kalma ta farko da za ka haddace ita ce hirino, wato alade. Kotopulo kaza ce, arni rago, katsiki akuya, moshari naman sa. Idan an rubuta giros (shawarmarsu) ko suvlaki (tsirensu) ba a ƙara komai ba, to alade ne, haka aka saba. Ko ka ce na kaza, ka duba da idonka, domin sau da yawa waya ɗaya ake gasa su a kai, wuƙa ɗaya ke yanka, kuma wasu sukan ɗumama gurasar a kan maiƙon da ya tsiyaya. Akwai ma tsiren kaza da ake naɗe shi da siririn naman alade. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne niƙaƙƙen nama. Ana kiran sa kimas, kuma mahauta da yawa sukan haɗa na sa da na alade don ya yi taushi. Da shi ake yin keftedes da bifteki da sutzukakia, har da musaka, wannan da ake jera gauta da dankali a rufe da farin miyar madara a gasa. Tambayar ita ce: "Ehi hirino?" Yana da alade? A Kirit kuma akwai apaki, alade ne da aka jiƙa a ruwan tsami aka kyafe, kuma ana yayyanka shi ƙanana a watsa cikin ƙwai ko taliya ko salak ba tare da sunansa ya fito a babban rubutu ba. Lukaniko, niƙaƙƙen naman da ake ɗurawa a hanji, shi ma na alade ne.

Giya kuma tana shiga tukunya. Sunanta krasi. Stifado, naman da ake dafawa da ƙananan albasa, da kokinisto mai jar miya, yawanci da ita ake yi. Duk abin da aka ƙara wa krasato, da giya aka dafa shi. Jatan lande da ake soyawa da tumatir da cuku sau da yawa ana tsiyaya masa uzo, ita ma giya ce. Ka ce "horis krasi", ban da giya, amma wannan yana aiki ne kawai a kan abin da za a dafa maka yanzu. Wanda ya kwana a tukunya ya riga ya sha.

Batun rago da akuya da Kirista ya yanka, malamai sun yi magana a kai, akwai ayar da ta halatta abincin Ahlul Kitabi, akwai kuma saɓani kan yadda mayankar zamani ke sumar da dabba kafin yanka. Ka tambayi malaminka tun kana Zariya, kada ka bari sai ƙamshi ya buge ka. Wanda ya samu natsuwa a kai, ya nemi antikristo a ƙauyukan dutse irin su Anogiya: ana raba rago gida huɗu, a soke a ƙarafa, a kafa su kewaye da wuta kamar yadda mai tsire ke kafa tsinke a tukuba, gishiri kawai, a bar shi awanni yana tsiyayar da kitse. Akwai kuma gamopilafo, shinkafar biki da ake dafawa a romon akuya ko rago a zuba mata man shanun tumaki.

Amma hanyar da ba ta da ƙura ita ce ta azumin Kiristocin Girka. Cocinsu na Otodoks yana hana nama da madara da ƙwai a makonnin da ke gaban Ista, da mako biyun farko na Agusta, da Laraba da Juma'a ga masu kiyayewa. Saboda haka kowace mai girki ta iya abinci marar nama mai ƙosarwa, kuma kalmar ita ce nistisimo. Ka faɗe ta, za a gane ka nan take. A ƙarƙashinta akwai ladera, kayan lambu da aka dafa da man zaitun da tumatir har ruwan ya tsotse ya bar mai. Bamies kuɓewa ce, sai dai suna jiƙa ta a ruwan tsami kafin dahuwa don su kashe yauƙin, abin da mu muke nema su shi suke gudu. Fasolakia ɗanyen wake ne da dankali. Gigantes manyan fararen wake ne da aka gasa, ka tambaya ko an sa lukaniko, wasu suna sawa. Yemista tumatir ne da tattasai da aka ƙwaƙule aka cusa shinkafa da ganye, idan aka ce orfana, marayu, to ba nama a ciki. Mavromatika waken nan namu ne mai baƙin ido. Horta dafaffen ganye ne da mai da lemon tsami, kuma wanda ake samu a lokacin zafi, vlita, alayyahu ne sak, ba abin da ya raba shi da kwaɗo sai rashin ƙuli-ƙuli. Dakos kuwa busasshen burodin sha'ir ne da aka yayyafa wa ruwa, aka goga tumatir a kai, aka ɗora farin cuku mai laushi.

Waɗannan da rana ake cin su. Tun safe aka dafa, kuma da ɗumi-ɗumi ake kawo su, ba da zafi ba, da gangan, don sun ce a haka ɗanɗanon mai ke fitowa. Kada ka mayar ka ce ya huce. Abincin rana daga ƙarfe biyu ne zuwa huɗu, na dare daga tara. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan takwas da rabi, don haka ka yi Magariba a masauki ka fito, daidai lokacin da gari ke zama a tebur. Wanda ya je ƙarfe shida zai tarar da kujeru wayam da ragowar rana.

Kifi shi ne inda aljihu ke ƙonewa. A mazhabar Malikiyya duk abin da ke cikin teku halal ne, har wata dabbar teku mai hannu takwas da za ka gani an shanya a igiya, don haka matsalar ba ta halal ba ce, ta sikeli ce. Manyan kifaye irin su fagri da sinagrida da barbuni da kilo ake sayar da su, kuma lambar da ke gefen sunan kuɗin kilo ɗaya ce, ba na faranti ba. A ce an rubuta yuro 60. Ka ce a gasa maka ɗaya ba ka duba ba, aka ɗauko mai kilo ɗaya da rabi, ka tashi da yuro 90 kafin salak. Don haka ka tashi ka bi mai gidan, ka zaɓa da kanka, a ɗora a sikeli a gabanka, a faɗa maka jimillar kuɗin, sannan ka ce a gasa. Kai da ƙaya da ciki sukan cinye kusan rabin nauyin, saboda haka giram 350 zuwa 400 na ɗanyen kifi ya ishi mutum ɗaya. Ka duba ido ya zama garau a tashe, ƙasan kunnen ja, jiki ya dawo idan ka danna, kamar dai yadda ake duba karfasa.

Doka ta ce a nuna wanda aka daskarar, shi ya sa za ka ga ɗan tauraro ko "kat." a gefen suna, musamman kalamari, wata dabbar teku mai hannuwa da yawa, da jatan lande. Tsipura da lavraki masu girma ɗaya kamar an auna, na kiwo ne a keji cikin teku, Girka na cikin manyan masu kiwonsu, ba su da laifi, amma kada a caje ka kuɗin na kamu. A Yuli da Agusta iskar arewa da suke kira meltemi takan hana ƙananan jirage fita kwana biyu ko uku, kuma manyan jiragen jan koma ba sa aiki daga Yuni zuwa ƙarshen Satumba, don haka a tsakiyar lokacin baƙi ne kifin kamu ya fi ƙaranci da tsada. Ni a ganina ƙananan kifaye sun fi: gavros da sardela da marida, da faranti ake sayar da su, araha, sabo, a soya ko a gasa a matsa lemon tsami.

Ba a yin odar kowa da nasa. Komai tsakiyar tebur ake ajiyewa, kowa ya ɗiba, kamar yadda muke haɗuwa a kwano ɗaya, kuma duk wanda ya nuna shi ake fara kawowa. Mutum huɗu: salak ɗin horiatiki ɗaya mai tumatir da kokwamba da albasa da zaitun da ɓarin farin cukun feta, soyayyen dankali ɗaya, ladera biyu, horta ɗaya, ƙananan kifi faranti biyu. Ya isa. Idan bai isa ba a ƙara, ba wanda zai kore ku. Burodin da aka ajiye ba ka tambaya ba ana lissafa shi, yuro ɗaya ko biyu a kan kowane mutum, kuma kana iya cewa a ɗauke tun farko.

Barkono babu. Ka nemi bukovo, dakakken jan barkono ne, wasu suna da shi, ko ka zo da ɗan yajinka a kwalba. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa ka bar su a gida, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan madara daga waje, a filin jirgi za a karɓe.

Hannu ma yana da ƙa'ida. Ware yatsu biyar ka nuna wa mutum tafin hannu zagi ne a Girka, suna kiran sa mutza, daƙuwa ce irin tamu ba ragi. Idan za ka ce ku biyar ne, ka juya tafin yana kallon ƙirjinka. "Ne" a bakinsu na'am ce, "ohi" ita ce a'a, kuma idan mai kai abinci ya ɗaga haɓa sama ya ɗage gira, cewa yake babu.

Ba za a kawo maka lissafi ba sai ka nema, don a wurinsu kawowa ba a tambaya ba kora ce. Ka ce "to logariazmo, parakalo". Kafin takardar ta zo, a Kirit kusan kullum sai an kawo kyauta: kankana ko inabi, ko ɗan alewar alkama, ko kindirmo da zuma, tare da wata 'yar kwalba mai ruwa garau da ƙananan kofuna. Wannan ba ruwa ba ne. Raki ce, ko tsikudia, giya mai ƙarfi da ake tacewa daga tukar inabi da kaka, kuma a ido ba ta da bambanci da ruwan sha, don haka a janye ta daga gaban yara. Mai gidan karramawa ya nufa. Ka dafa ƙirji ka ce "efharisto, den pino alkool", na gode, ba na shan giya, ka ci 'ya'yan itacen ka yaba. Idan kana son abin sha, ka nemi malotira, shayin ganyen dutsen Kirit, ko sumada da ake yi da almon, amma rakomelo raki ce da zuma.

Ka duba takardar layi-layi, nauyin kifin ya dace da abin da sikeli ya nuna. Haraji yana cikin farashin da aka rubuta, kuma a bango ko ƙasan jerin abincin za ka ga sanarwar doka cewa ba dole ne mai ci ya biya ba idan ba a ba shi rasit ba. Ana karɓar kati, amma a ƙauyen dutse ka riƙe tsabar yuro ko da na'ura ta ƙi. Goron mai kai abinci ba tilas ba ne, ana cike kuɗin ne ko a bar kashi biyar zuwa goma cikin ɗari, tsaba, a kan tebur.